Kujerar hawa bene: Abin da ya kamata a sani kafin a saya wa iyaye a Yamai

A sababbin unguwannin birnin Yamai irin su Kwara Kano da Bobiyel da Kubiya da Banifandu, akwai wani labari da ke maimaita kansa a gidaje da dama.

Ɗa ne ko 'ya ke zaune a Abijan ko Legas ko Faransa ko garin Greensboro na Amurka, an shafe shekaru ana turo kuɗi ta Nita ko Amana, yau siminti, gobe rodi, har gida ya tashi aka ɗora masa bene. Ɗakin da ya fi kowanne kyau, mai baranda da shan iska, shi ake ware wa Baba ko Inna. Kuma a sama yake.

Shekarun farko babu matsala. Daga baya gwiwa ta fara ciwo, ko hawan jini ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon suga ya taɓa ƙafa da ido. Dattijon da ke sauka sau biyar a rana don sallar jam'i ya koma sau biyu, daga nan sai ranar Juma'a kawai, daga nan kuma sai in asibiti za a je.

Abin da ya rasa ya wuce motsa jiki. Ya rasa masallacin unguwa, da zaman ƙofar gida bayan la'asar, da zuwa suna da ta'aziyya. Ita kuwa tsohuwa ta rasa tsakar gida, inda ake girki da hira, inda jikoki ke kai-komo, inda a da babu abin da ake yankewa ba da saninta ba. Idan ta kama dole a sauko da su, sai samari biyu su ɗauko su a kan kujerar roba, ko jika ya goyo kakansa. Mutumin da ya saba a durƙusa a gaishe shi bai cika son a gan shi a bayan yaro ba, don haka da yawa sukan ce a bar su a sama kawai.

A nan ne wanda ke Turai kan tuna da wata na'ura da yake gani a talla ko a gidajen tsofaffin da yake yi wa aiki: kujera ce da ke bin gefen matakala, mutum ya zauna ya danna, ta kai shi sama ko ta sauko da shi. Faransawa na ce mata monte-escalier. Tambayar ita ce ko za ta yi aiki a Yamai, kuma ko ita ce ta fi dacewa a kashe wa kuɗin.

Yadda take aiki

Na'urar ba sabuwa ba ce. A shekarun 1920 wani Ba'amurke mai suna C.C. Crispen, a jihar Pennsylvania, ya ƙera irinta ta farko ta zamani don taimaka wa wani maras lafiya da ya kasa hawa benen gidansa, kuma masu fama da shan-inna na cikin waɗanda suka fara amfana da ita. Tun kafin shi ma, masanin tarihi David Starkey ya gano cewa Sarki Henry na Takwas na Ingila, wanda ƙiba da ciwon ƙafa suka addaba a ƙarshen rayuwarsa, yana da kujerar da bayi ke ja da igiya suna hawa da shi bene a fadarsa. A yau kamfanoni irin su Stannah da Acorn na Birtaniya da Otolift na Holan da Handicare ne suka yi suna a harkar.

Abu uku ne ginshiƙinta: layin ƙarfe da ake shimfiɗawa daga ƙasan matakala zuwa samanta, da kujera mai inji a ƙarƙashinta, da batir. A yawancin samfura, layin yana da haƙora, injin kuma yana juya wata 'yar giya da ke cin haƙoran tana tura kujerar. Ba ta gudu. Ƙa'idar Turai ta kayyade cewa kada ta wuce santimita 15 a daƙiƙa ɗaya, ke nan bene mai hawa ɗaya zai ɗauki rabin minti zuwa minti guda.

Akwai abin da mutane da yawa ke kuskurewa: ba a jikin bango ake ɗaure layin ba, a kan matakan ake kafa ƙafafunsa da kusoshi. Saboda haka ƙarfin bango ba shi ne abin dubawa ba, ingancin matakalar ne.

Kujerar tana da bel da ake ɗaurawa a ƙugu, da wurin ɗora ƙafa, da wasu maɓallan kariya da ke tsayar da ita nan take idan ta ci karo da wani abu, takalmi ne ko ƙafar yaro. Idan ta kai sama, ana juya ta ta fuskanci falo, don kada mutum ya miƙe yana fuskantar rami. Tana zuwa da rimot guda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, don kiran ta. Idan ba a amfani da ita sai a naɗe ta a gefe. Ta yau da kullum tana ɗaukar nauyin kilo 120 zuwa 140, akwai kuma masu ɗaukar fiye da haka.

Matakalar da magini ya zuba

Kafin maganar kuɗi da kamfani, abin da zai fara yanke hukunci shi ne siffar matakalar gidan.

Idan miƙaƙƙiya ce, daga ƙasa har sama babu kwana, aikin mai sauƙi ne. Layin irin wannan a miƙe yake zuwa, a yanke shi daidai tsawon da ake so, kuma wanda ya iya aikin zai gama kafa shi cikin 'yan sa'o'i.

Sai dai yawancin benayen Yamai ba haka suke ba. Don a tsimi fili, magina sun fi zuba matakala mai hawa biyu: a hau rabi, a tsaya a ɗan dandamali, a juya a hau sauran. Wasu masu gida kuma, don ado, sukan sa a yi musu mai lanƙwasa kamar ta otal. Irin waɗannan suna buƙatar layin da aka lanƙwasa musamman dominsu a masana'anta, bayan an auna kowane taki. A Turai wakilin kamfani ne ke zuwa da kyamara ta musamman ya ɗauki awon, a aika masana'anta, a jira makonni. Kuskuren santimita kaɗan ya isa ya sa layin ya ƙi zama, kuma ba abu ne da mai walda zai ɗan gyara da guduma ba.

Wannan ne ya sa sayen ta hannu, wadda ake samu da araha a shafukan intanet na Faransa da Beljiyam bayan tsohon da ke amfani da ita ya rasu ko ya koma gidan kula da tsofaffi, yake da haɗari. Miƙaƙƙiya za ta iya dacewa da wani gidan, muddin layin ya kai tsawon da ake so kuma an tabbatar ko ta gefen dama ce ko ta hagu. Mai lanƙwasa kuwa an yi ta ne don matakala ɗaya tak a duniya. Wanda ya saye ta ya loda a kwantena ya sayi tarin ƙarfe ne mai tsada.

Ga matakala mai hawa biyu akwai dabarar da ake yi, wato a kafa miƙaƙƙu guda biyu, ɗaya a kowane hawa. Amma sai dattijon ya tashi daga wannan ya taka zuwa waccan a tsakiyar bene, wanda ba kowa zai iya ba.

Sai faɗi. Kamfanoni kan nemi matakalar ta kai aƙalla santimita 70 zuwa 75, don gwiwar wanda ke zaune kada ta goga bango ko ƙarfen riƙewa. Ana kuma buƙatar sarari a ƙasa inda kujerar za ta tsaya, ba tare da ta tare ƙofar ɗaki ko hanyar wucewa ba.

Akwai kuma matsalar da duk wanda ya taɓa hawa benayen da aka gina ba tare da zane ba ya sani: takun farko gajere, na biyar dogo, na ƙarshe kamar za a hau dakali. Magini ya zuba kankare da ido, mai tayil ya zo ya ƙara nasa. Miƙaƙƙen layi zai iya jure ɗan bambanci tunda ƙafafunsa ana daidaita su, amma tayil ɗin da aka manna a kan siminti maras ƙarfi yakan fashe idan aka huda shi, kusa kuma ba za ta kama ba. Dole kusoshin su ratsa tayil su shiga cikin kankaren sosai.

Idan kuwa matakalar a waje take, irin wadda ke kaiwa saman rufi inda ake kwana lokacin zafi, to sai samfurin da aka yi don waje, mai jure ruwa da rana, tare da murfinsa.

Wuta, zafi da ƙura

Abu na farko da ke zuwa zuciyar duk mazaunin Yamai shi ne: idan aka ɗauke wuta Baba na tsakiyar bene fa?

Tambaya ce mai tushe. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Da ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke layin a farkon Agustan shekarar, ba ta maido ba sai a Maris na 2024. Tashar Gorou Banda mai aiki da mai, da ta hasken rana mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023, sun rage raɗaɗin, amma har yanzu duk lokacin zafi unguwanni na shan ɗauke wuta na sa'o'i.

Abin da zai kwantar da hankali shi ne kujerun zamani ba da wutar soket kai-tsaye suke tafiya ba. Batir biyu ne masu bolt 12 kowanne ke cikin kujerar, wutar gida kuma caji kawai take yi musu. Idan aka ɗauke wuta, kujerar za ta ƙarasa tafiyarta, kuma batir mai lafiya zai iya hawa da sauka sau da dama kafin ya ƙare. Cajin ba ya cin wuta sosai, don haka gidan da ke da sola da inbata ba zai ji nauyinsa ba.

Matsalar tana wani wurin. Irin waɗannan batura ba sa shiri da zafi. An auna ƙarfinsu ne a kan ma'aunin zafi 25, kuma abin da masu harkar suka sani shi ne duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana rage kusan rabin tsawon rayuwar batirin. A Yamai, watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura 40, kuma wurin matakala ba inda ake sa na'urar sanyaya ɗaki ba ne. Batirin da zai yi shekara uku zuwa biyar a Turai, a nan sai a shirya canza shi tun kafin haka. Sa'ar da aka yi, yawancinsu irin ƙananan baturan da ake sa wa na'urar riƙe wutar kwamfuta ne, ana samun su a kasuwa. Abin da ake buƙata shi ne a san lambarsu tun ranar saye.

Haka kuma batirin ba ya son a bar shi babu caji. Ɗabi'ar kashe duk wani soket da dare don a tsimi kuɗin mita tana iya kashe shi cikin ɗan lokaci. Idan dattijon ya tafi ƙauye ko aikin Hajji, akwai maɓallin da ake kashewa a jikin kujerar don kada batirin ya zube. Soket kaɗai ba shi ake kashewa ba. Ko doguwar tafiyar kwantena ta isa ta raunana shi kafin ma ya iso.

Sai hawa da saukar ƙarfin wuta, musamman lokacin da aka dawo da ita. Wannan ne ke ƙona caja da allon lantarkin da ke sarrafa kujerar, kuma allon shi ne ɓangaren da ba a samun madadinsa a kasuwa. Sitabilaiza mai kyau a gaban cajar ba zaɓi ba ne, dole ne. Wanda zai sayo daga Amurka ko Kanada kuma ya duba rubutun jikin cajar, don can wutar bolt 120 ce, ta Nijar kuwa 220.

Ƙura ita ce ta uku. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na shigar da ita ko'ina, ga guguwar da ke gabatar ruwan farko. Idan ta haɗu da man da ke kan haƙoran layin sai ta zama kamar yashin goge ƙarfe, tana cin giyar a hankali, tana kuma toshe wurin da kujerar ke taɓawa ta yi caji. Maganin ba mai wahala ba ne: a riƙa share layin da busasshen ƙyalle a kai a kai, a rufe kujerar, kada kuma a lafta mata giris don ana ganin gata ake yi mata. Amma sai an samu mutum ɗaya a gidan da aka ɗora wa wannan aikin.

Kuɗi, hanya da mai gyara

A Faransa, kujerar miƙaƙƙiyar matakala tare da kafawa takan kama daga wajen yuro 3,000 zuwa 5,000. Tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya canzawa, ke nan sefa miliyan 2 zuwa miliyan 3 da wani abu. Mai lanƙwasa kuwa takan fara daga wajen yuro 6,000, tana iya haura 12,000, wato kusan sefa miliyan 4 zuwa miliyan 8.

Don a gane girman kuɗin: mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairun 2024 jika 42 ne a wata. Mafi arhar kujerar ta kai albashin kusan shekara huɗu na mai karɓar wannan.

Su kansu Turawan ba kowa ke biya daga aljihunsa ba. Faransa ta ƙaddamar da shirin MaPrimeAdapt' a ranar 1 ga Janairun 2024, wanda ke biya wa tsofaffi da nakasassu masu ƙaramin ƙarfi kashi 50 ko 70 cikin 100 na kuɗin gyara gida, a aikin da bai wuce yuro 22,000 ba. A Ingila ƙananan hukumomi na ba da tallafin da zai iya kaiwa fam 30,000. A Yamai, iyali ne ke ɗaukar nauyin duka.

Kuma farashin can ba shi ne ƙarshe ba. Ba a ƙera na'urar a Nijar, sai an shigo da ita. Hanyar Kwatano zuwa Gaya, wadda ita ce mafi kusa da teku, ta toshe a rikicin 2023, kaya suka koma biyowa ta Lome su ratsa Burkina Faso cikin ayarin motoci da rakiyar sojoji, abin da ya ƙara kwanaki da kuɗi. Jirgin sama ya fi sauri, amma layin ƙarfe mai mita huɗu ko biyar, ko da a gutsure yake, kaya ne mai nauyi. Ga kuɗin duwan da harajin kaya na kashi 19 cikin 100. Yana da kyau a je ofishin duwan da takardar likita a tambayi matsayin kayan nakasassu tun kafin kaya su taso, ba bayan sun iso ana lissafin kuɗin ajiya ba.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da tambayar da ta fi kowacce muhimmanci: wa zai kafa ta, wa kuma za a kira ranar da ta tsaya?

A Turai ana sayar da kujerar ne tare da yarjejeniyar dubawa sau ɗaya a shekara da lambar da za a kira. Garantin kamfani kuma galibi yana aiki ne idan ma'aikacinsu ko wakilinsu ne ya kafa, a ƙasar da aka saya. Kujerar da aka sayo a Liyon aka kafa a Yantala ta fita daga wannan inuwar.

Waɗanda suka fi kusa da sanin aikin a Yamai su ne masu gyaran lif na dogayen gine-gine, irin na bankuna da ma'aikatu da otal-otal ɗin da aka buɗe gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019, kamar Radisson Blu da Noom da Bravia. Wanda ya yi niyyar saye, da irin waɗannan ya kamata ya fara magana, a nuna musu littafin na'urar, su ce za su iya ko ba za su iya ba, kafin a biya ko dala. Wanda ya biya kafin ya samu mai gyara ya yi gaggawa. Gara kuma a haɗo da rimot da caja na ajiya a cikin kayan.

Akwai wata hanyar da za ta iya jan hankalin mai son sauƙi. Kasuwar Katako cike take da maƙera da masu walda waɗanda babu abin da ba sa iya kwaikwaya, kuma haɗa kujera da injin jan kaya da igiyar ƙarfe ba zai gagare su ba. Amma abin da ake biya a kujerar kamfani ba ƙarfen ba ne, birkin da ke kama ta ne idan inji ya saki ko gudu ya wuce ƙa'ida. Kujerar da ba ta da wannan, ranar da igiya ta tsinke, da mutumin da ke kanta za ta gangaro.

Ba kowa take yi wa ba

Ko kuɗin da mai gyaran sun samu, sai an duba wanda za a saya wa. Kujerar ta dace da wanda zai iya zama a miƙe, ya lanƙwasa gwiwa, ya kuma tashi daga wata kujera ya koma wata da kansa ko da ɗan taimako. Mai ciwon gwiwa ko ciwon zuciya da numfashi, wanda tafiya a fili ba ta gagare shi ba sai hawa, shi ne ya fi cin moriyarta.

Wanda shanyewar jiki ta kama sosai har ba ya iya riƙe zamansa, ko wanda ruɗewar tsufa ta taɓa har zai iya kwance bel ya miƙe a tsakiyar hanya, kujerar na iya zame masa haɗari. Mai keken guragu kuma sai an tanadi keke biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, don kujerar ba ta ɗaukar keke. Shi ya sa shawarar likita ko ƙwararren motsa gaɓɓai, irin waɗanda ke Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, ta kamata ta riga ta ɗan kasuwa. A tambaye su ba halin da ake ciki yau kaɗai ba, har da inda ciwon ya dosa nan da shekara biyu.

Akwai abubuwa biyu da littafin kamfanin Turai ba zai ambata ba. Na farko tufafi: babbar riga da zani da dogon hijabi suna iya saukowa su shiga tsakanin kujera da layi. Dole a saba da tattare su a cinya kafin a danna. Na biyu yara. An tsara na'urar ne da tunanin gidan da tsoho ɗaya ko biyu ke zaune, ba gidan da jikoki goma ke tsere a matakala ba. A wurinsu wannan lilo ne ya zo har gida. Tana da makulli, kuma makullin bai kamata ya kwana a jikinta ba.

Birni na hawa sama, masu shi na tsufa

Ana iya ganin duk wannan a matsayin damuwar masu hali, a ƙasar da kusan rabin jama'arta yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, waɗanda suka haura 65 kuma ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Amma a ƙasa mai mutum sama da miliyan 25, wannan ɗan kason ya zarce mutum rabin miliyan. Tsawon ran da ake sa ran ɗan Nijar zai yi bai kai shekara 40 ba a 1960, yau ya haura 60. Ƙidayar 2012 kuma ta nuna kashi 4.2 cikin 100 na 'yan ƙasar na da wata nakasa.

Faɗuwa kuma ba ƙaramin abu ba ne ga tsoho. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, sama da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma 'yan sama da shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu.

A lokaci guda birnin yana canza siffa. Yamai, wadda ta karɓi matsayin babban birni daga Damagaram a 1926, tana da mutum kusan 30,000 ne lokacin samun 'yancin kai. A 2012 ta haura miliyan ɗaya. Fili ya yi tsada, ya kuma ƙanƙance, wanda ya samu murabba'in mita 200 ko 300 yana son ɗakuna da gareji da shago, sai ya duba sama. Masana gine-gine ma suna ganin hawa sama shi ne mafita ga birnin da ke ta bazuwa. Rukunin gidajen Niamey 2000, wanda Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta suka zana aka kammala a 2016, an yi shi ne da tubalin ƙasa da bene don nuna yadda iyalai da yawa za su zauna a ƙaramin fili. Bene ya zo ke nan, ba zai koma ba.

A ɓangaren doka, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2008, wadda sashenta na 9 ya ambaci gidajen zama cikin wuraren da ya kamata a kawar wa shinge. A Disamban 2019 kuma aka yi doka mai lamba 2019-62 kan shigar da nakasassu cikin harkokin rayuwa, abin da Tarayyar Ƙungiyoyin Nakasassu ta Nijar, FNPH, ta daɗe tana fafutuka a kai. Sai dai a zahiri, yadda matakalar gidan iyali za ta kasance, tsakanin mai gida da magininsa ake yanke shi, sau da yawa ta wayar WhatsApp.

Ɗakin ƙasa

A tsarin gidan gargajiya wannan matsalar ba ta taso ba. Turakar mai gida tana kusa da zaure, ɗakin tsohuwa yana buɗewa tsakar gida, duka a ƙasa. Ko a tsofaffin birane irin su Damagaram da Agadas inda attajirai da sarakuna ke da soron bene, rayuwar gida a ƙasa take gudana. Zanen da aka kwaso daga waje, mai falo da kicin a ƙasa, ɗakunan kwana duka a sama, shi ya zo da ita.

Ga gidan da aka riga aka gina, kafin a kai ga miliyoyin kujera, akwai lissafin da ya kamata a yi. Mayar da ƙaramin falo ko ɗakin baƙi ko ma gareji ya zama ɗakin kwana mai banɗaki a ciki, da masai na zama, da ƙarfen riƙewa a bango, da tayil maras santsi, aiki ne da magini da mai famfo na unguwa za su gama cikin makonni. Ba ya buƙatar batir ko duwan, kuma ba ya tsayawa. A gidaje da yawa wannan ne ya fi dacewa, ko da dattijon zai yi ƙorafin an raba shi da barandarsa. Kujerar ta fi cancanta inda ƙasan gidan shaguna ne ko haya, ko inda babu ta yadda za a fitar da ɗaki.

Ga wanda har yanzu yana iya hawa amma da ƙyar, ƙarfen riƙewa a gefe biyu, da fitila mai haske sama da ƙasa, da abin hana santsi a bakin kowane taki, suna rage haɗari da kuɗi kaɗan. Wannan aikin kam masu waldar Katako za su yi shi da kyau.

Kada kuma a manta da ƙofar gida. Saboda ruwan sama da ambaliya irin ta 2020 da 2024, ana ɗaga gidaje sama da titi, a bar taki biyu ko uku a bakin ƙofa. Dattijon da kujera ta sauko da shi falo amma ya kasa tsallake waɗannan bai isa masallaci ba. Gangaren siminti ne maganinsu, kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce duk tsayin santimita ɗaya a ba shi tsawon santimita 12. Ƙofa mai tsayin santimita 45 na buƙatar gangaren da ya kusa mita biyar da rabi. Ɗan gajeren gangaren da ake yi don shigar da babur ba zai yi wa mai keke ko mai sanda ba.

Wanda kuma gininsa bai wuce tushe ba, ko zanen ne ma ke hannunsa a waya, shi ne mai babbar dama. Ya nemi a fitar da ɗaki ɗaya mai banɗaki a ƙasa, da ƙofofi masu faɗin santimita 90. Matakalar ta zama miƙaƙƙiya idan fili ya bari, faɗinta ya kai mita ɗaya, kowane taki tsayinsa wajen santimita 17, shimfiɗarsa 28 zuwa 30, duka daidai wa daida. A bar sarari a ƙasanta, a kuma ja soket ɗaya kusa da takun farko, ko da ba a yi niyyar sayen kujera yanzu ba.